Silkie, Polish, Brahma, Orpington ko Sebright: wace kazar ado ce za ta zauna lafiya a bayan gidanka?

Yawancin masu shiga kiwon kajin ado foto ne ko bidiyo ya jawo su, kuma ba abun mamaki bane, duk wanda ya ga Silkie fara sol tana tafiyarta a hankali ko zakaran Brahma ya tsaya ƙato a tsakar fili dole ransa ya biya. Amma kafin ka miƙa kuɗi akwai abu ɗaya da nake so ka riƙe, a wajen kajin nan abun da ya sa kowacce tayi kyau shine dai abun da zai riƙa baka aiki kullum. Gashin Silkie, tukkun Polish, gashin ƙafar Brahma, ƙanƙantar Sebright, kowanne da irin ɗawainiyarsa. To tambayar da ya kamata kayi ma kanka ita ce wace ɗawainiya zaka iya ɗauka, a irin yanayin wurin da kake zaune, da ɗan filin da kake dashi a bayan gida.

Yawancin kajin da nake magana a kansu tsofaffin jinsi ne, waɗanda aka daɗe ana riƙe da su tun kafin zuwan kajin kamfani, in ka haɗa zakara da kaza 'yan jinsi ɗaya 'ya'yan su fito kamar iyayensu. Basa saurin girma, basa ƙwai kamar kajin gidan gona masu yin kusan 300 a shekarar farko, amma suna daɗewa, shekara 6 zuwa 8 ba wani abu bane a wajensu in sun samu kula, wasu ma su wuce haka. Wannan ka sa shi cikin lissafi tun yanzu dan ƙwai yana fara ja baya bayan shekara biyu zuwa uku, ita kuma kazar tana nan da ranta tana ci tana sha, kuma lokacin yara sun riga sun sa mata suna.

Bari in fara da Silkie tunda ita aka fi so. Asalinta daga ƙasar Sin ne kuma tsohuwa ce sosai, matafiyin nan ɗan Italiya Marco Polo ma tun ƙarni na 13 ya bada labarin wasu kaji da ya gani a can masu gashi irin na kyanwa, a Amurka kuma an shigar da ita littafin tantance jinsin kaji tun 1874. In ka ɗauke ta ka buɗa gashin da yatsa zaka ga fatar baƙa ce mai ɗan shuɗi-shuɗi, ƙashinta ma baƙi ne, fatar kunnenta shuɗiya, yatsunta biyar a kowace ƙafa alhali yawancin kaji huɗu gare su. Waɗannan su zaka fara dubawa in ana tallata maka ita. Ka ga farar fata ko jan zanko mai tsini-tsini a tsaye, to an gauraya ta da wani jinsi, kar ka biya kuɗin ta asali.

Gashin nan nata shine komai. Gashin kaza na yau da kullum yana da wasu ƙananan ƙugiyoyi da ido baya gani, su suke sarƙe zare-zaren gashin ya zama shafe guda, shiyasa ruwa yake zamewa a bayan kaza kuma fiffike yake kama iska. Na Silkie babu waɗannan ƙugiyoyin, shiyasa yake da laushi haka, shiyasa kuma bata iya tashi kuma ruwa yana ratsa ta har fata. In ruwan sama ya same ta a waje na ɗan lokaci kaɗan zaka ganta ta motse ta koma rabin girmanta, gashin ya manne da baƙar fatar, tukkun ya zubo ya rufe mata ido, tana tsaye wuri ɗaya tana rawar ɗari. Dole ka ɗauko tawul ka tsane ta ka sa ta wuri mai ɗumi har ta bushe, in ka barta ta kwana a haka wallahi zaka iya rasa ta. Kenan mai son Silkie sai ya yi rufi a wurin da suke yini, ba akurkin kwana kaɗai ba, kuma ƙasan wurin ya zama baya riƙe ruwa.

Rashin tashin yana da daɗi ta wani ɓangaren, gajeren shinge ma ya ishe ta, ba zata tsallaka gidan maƙwabta ta jawo maka magana ba. Amma in kare ko shaho ya kawo farmaki bata da inda zata haye, ga shi kuma tukku ya rage mata gani. Sandar kwana ma sai ka yi mata ƙasa-ƙasa, da yawansu ma basa hawa, tattaruwa suke a kusurwa su kwanta kan juna, dan haka shimfiɗar ƙasan ta zama busasshiya kullum.

Wajen hali kam ban san wadda ta kai ta sanyi ba cikin duk waɗanda zan ambata. Zata zauna a cinyar yaro ana shafa ta ba fisge-fisge, zakarunsu ma galibi basu da faɗa. Ƙwai kuwa kar ka sa rai da yawa, wajen 100 zuwa 120 a shekara, ƙanana masu ruwan madara, dalili kuwa kwanci. Silkie tayi ƙwai goma sha wani abu sai ta kwanta, ko ƙwai babu a ƙarƙashinta zata kwanta a sheƙar haka nan, kuma muddin tana kwanci ta daina saka ƙwai. Wanda yake son ƙwai wannan abun haushi ne a wajensa, wanda kuma yake son ƙyanƙyasa ya samu abun nema, dan masu kiwo da yawa suna ajiye Silkie ne musamman su riƙa sa mata ƙwan wasu jinsin da basa kwanci, ta kwana 21 a kai ta fito da su ta raine su kamar nata. Sai dai ka kula da ita a wannan lokacin, wata tsabar naci sai ta ƙi tashi ci da sha, ka riƙa ɗago ta sau ɗaya a rana ta ci ta sha tayi kashi ta koma. Sannan tana cikin jinsin da cutar Marek take saurin kamawa, wadda take shanye ƙafar kaza, rigakafinta kuma ranar da aka ƙyanƙyashe tsako ake yi, saboda haka ka tambaya tun wajen saye.

Polish ita ce ake yawan haɗawa da Silkie a rai tunda duk masu tukku ne, amma halinsu ya sha bamban. A ƙasar Holan aka fi gyara jinsin nan har tana fitowa a tsofaffin zane-zanen masu zanen ƙasar. Tukkun nata ba gashi ne kawai ya tsiro ba, akwai wani ƙullutu na ƙashi a saman ƙoƙon kanta, a kansa gashin yake tsayawa, kuma a ƙananan tsaki wurin yana da rauni, sara ɗaya mai ƙarfi daga babbar kaza zai iya yi musu illa. In ta girma tukkun ya cika sai ya tare mata ganin sama da gefe. Shiyasa zaka ga Polish tana ta kiwonta hankali kwance, ka zo ta baya ka miƙa hannu sai ta zabura ta yi sama da ihu kamar an kama ta, ba mugun hali bane, bata ganka bane. Masu riƙe ta suna sabawa da yi mata magana tun daga nesa kafin su iso, wasu kuma su rage gashin da ke gaban idon da almakashi ko su ɗaure shi sama da laushin zare, kuma da zarar ta fara gani sosai sai ka ga ta natsu.

Tukkun nan kuma maɓoyar ƙwarƙwata ne, sai kana buɗawa kana dubawa duk mako. In tana shan ruwa a buɗaɗɗen kwano yana jiƙewa ya kwashi datti ya sauko mata a ido har ya jawo ciwo, gara mazubin ruwa mai ƙaramin baki. Abun da ya fi damuna da ita shine sauran kaji basa barin tukkun, suna ta tsiga har sai tsakiyar kan ya zama fili, in jini ya fito kuma shikenan sun samu wurin sara, dole ka ware ta. Inda ta fi Silkie kuwa shine ƙwai, farare take yi wajen 150 a shekara ko sama da haka kuma da wuya tayi kwanci, jikinta mara nauyi ne wajen kilo 2, tana jure zafi fiye da manyan kajin da zan zo kansu, amma tana tashi, gajeren shingen da ya riƙe Silkie ba zai riƙe ta ba. Ni a ganina in akwai ƙananan yara masu son ɗauka da runguma Silkie ta fi, Polish ta babba ce wanda zai zauna ya kalla ya kuma samu lokacin duba kai. In kuma kana son duka biyun suna zama tare lafiya tunda ba mai cin zalin wata.

Sai manya, kuma nan ne aka fi ruɗewa, tsakanin Brahma da Orpington.

Brahma a Amurka aka samar da ita a shekarun 1840 zuwa 1850 daga manyan kajin da jiragen ruwa suka kawo daga Shangai ta ƙasar Sin. A 1852 wani mai kiwo George Burnham ya aika wa Sarauniya Biktoriya ta Ingila guda tara kyauta, daga nan sunanta ya tashi, kuma ita ce babbar kazar nama a Amurka har wajen 1930 kafin kajin da suka fi ta saurin girma su ture ta. Zakara yana kai kilo 5 da rabi, kaza kilo 4 da rabi. Da wannan girman sai ka zata mafaɗaciya ce, alhali tana cikin masu sanyin hali, tafiya take a natse, bata tashi, bata cika hayaniya ba, kuma girmanta ya sa ba a cika cin zalinta ba. Ƙwanta ruwan ƙasa ne wajen 150 a shekara, tana da wani hali mai kyau na ci gaba da yin ƙwai lokacin sanyi sadda wasu suka tsaya. Amma sai kayi haƙuri da ita, wata 6 zuwa 7 kafin ƙwan farko, wata ma ta wuce, zakaran kuwa sai ya haura shekara kafin ya cika girmansa, duk wannan lokacin ci take kuma cinta ba kaɗan bane. Wanda ya ga bidiyon ƙaton zakara ya sayi tsako yana jiran ya ga haka cikin wata huɗu zai ce an cuce shi, ba a cuce shi ba, jinsin ne haka.

Matsalarta a ƙafa take. Gashin ya sauko har kan yatsu, in ƙasa ta jiƙe laka tana manne masa ta dunƙule ta bushe ta zama ƙwallaye masu tauri a yatsun, ka ɗaga ƙafar ka ji suna ƙwanƙwasa juna, in ba a jiƙa da ruwan ɗumi an cire ba har farce suna iya cirewa. A ƙasashe masu ƙanƙara dunƙulen yana daskarewa ya ci yatsun. Ƙarƙashin gashin kuma wasu ƙananan ƙwari suna shiga ƙasan ɓawon ƙafa su ɗaga shi ya yi kaushi ya kumbura, a kaza mai ƙafa fili zaka gani da wuri amma a Brahma sai abun yayi nisa, maganin farko shine a wanke a shafe ƙafar da Vaseline akai-akai ya toshe musu numfashi. Da ta dawo daga laka ta shiga sheƙa kuma ƙwan ma ya ɓaci. Nauyin ma yana da nasa, in ta riƙa dirowa daga doguwar sanda tafin ƙafar yana fashewa yayi ƙurji, dan haka sandar kwana kar ta wuce rabin mita daga ƙasa, ƙofar akurki da sheƙa kuma a faɗaɗa.

Orpington 'yar Ingila ce, William Cook ya fitar da baƙar a 1886 a garin Orpington da ke yankin Kent, mai ruwan zinariya kuma wadda aka fi sani yanzu ta fito a 1894. Kaza wajen kilo 3 da rabi, zakara 4 da rabi, amma yawan gashin ya sa take kamar ta fi haka. Ƙafarta fili ce ba gashi, wannan kaɗai ya rage maka rabin aikin Brahma. Ƙwai ta fi yawa, 175 zuwa 200 a shekara, tana fara yi da wuri fiye da Brahma, tana kwanci jefi-jefi kuma uwa ce mai kyau. Daga baƙar Orpington ɗin nan ne ma mutanen Ostireliya suka fitar da Australorp wadda wata a cikinsu ta taɓa yin ƙwai 364 a kwana 365. Wajen sabo da mutum kuwa ta fi Brahma, ita da kanta take biyo ka, ka zauna ta zo ta tsaya kusa da ƙafarka. Laifinta biyu ne, ƙiba da sanyin hali da yayi yawa. In aka kulle ta a ƙaramin wuri ana ta watsa mata hatsi sai tayi kitse ƙwai ya ragu, in kuma aka haɗa ta da kaji masu zafi irin Rhode Island Red ita ce zata koma ƙarshen layi wajen cin abinci duk girmanta.

In ka ce in zaɓar ma wanda bai taɓa kiwon kajin ado ba tsakanin biyun nan, Orpington zan ce ba tare da dogon tunani ba. Brahma ta wanda yake da fili ne, busasshe, kuma girman yake so ba ƙwai ba. Akwai ta uku cikin manyan nan, Cochin, ita ma daga Sin ta iso Turai a shekarun 1840, ta fi su duka yawan gashi har ƙafar bata ganuwa, ƙwai kaɗan kwanci da yawa, duk abun da na faɗa kan ƙafar Brahma ya hau kanta har da ƙari. Ƙaramar irinta da ake kira Pekin kam tana da daɗin riƙewa a ƙaramin gida.

Yanzu maganar zafi, kuma dan Allah kar ka tsallake nan, dan zafi yana kashe manyan kajin nan sosai a wuraren da rana take da ƙarfi. Zafin jikin kaza wajen digiri 41 ne, bata gumi, hanyar da take fitar da zafi ita ce haki da buɗe fiffike da jinin da yake zagayawa ta zanko da leɓatun wuya. To Brahma zankonta ɗan ƙarami ne a kwance, an yi shi ne dan kar sanyi ya ci shi, ga tulin gashi ga nauyi. Orpington da Cochin su ma gashin ya musu yawa. Da zafi ya haura digiri 30 zaka fara ganin baki a buɗe, in ya doshi 40 kuma babu inuwa mai kauri da iska mai ratsawa sai ka tarar da wadda tafi ƙiba a kwance. Ana iya riƙe su a wuri mai zafi, mutane suna yi, amma da sharaɗi, inuwa duk yini, ruwa mai sanyi a wuri fiye da ɗaya ana canzawa, akurki mai ragar waya ta ɓangarori ba rufaffen ɗaki mai kwano ba, abinci da sassafe da yamma ba tsakar rana ba, wasu har fanka suke sawa. In ka san baka gida da rana kuma babu wanda zai duba maka, kar ka ɗauki Brahma ko Cochin a irin wannan yanayin, tausayin dabbar ma ya isa dalili.

Mai zama wuri mai zafi yana da wasu zaɓin masu kyau da ba a cika tallatawa ba. Fayoumi ta Masar, mai farin wuya da jiki mai ratsin baƙi da fari, zafi baya damunta, tana da ƙarfin jiki, tana fara ƙwai tun wajen wata 5, sai dai bata son hannu ko kaɗan kuma tashi take sosai, ta kallo ce daga nesa. Akwai mai tsiraicin wuya wadda gashinta kusan rabin na sauran kaji ne, ita kuma ga jure zafi ga sanyin hali, wasu basa ganin kyanta amma ni tana burge ni. Silkie ma da Polish sun fi manyan jure zafi in akwai inuwa.

Sebright kuwa, gaskiya in kyau ake magana tsantsa ban ga kamarta ba. Sir John Sebright ya samar da ita a Ingila a farkon shekarun 1800, 'yar mitsitsiya ce wajen giram 600, kowane gashi a jikinta fari ne ko ruwan zinariya an zagaye bakinsa da baƙin layi siriri tsaf. Zakaran ma gashinsa irin na macen ne, bashi da dogayen gashin wutsiya masu lanƙwasa irin na sauran zakaru. Amma bana ba sabon shiga shawarar ya fara da ita. Ƙwai 60 zuwa 80 ne a shekara ƙanana, da yawa basa ƙyanƙyashewa, tsakin da suka fito suna da saurin mutuwa, Marek tana kama su, uwar bata cika kwanci ba sai ka nemi Silkie ko injin ƙyanƙyasa, ga tashi kamar tsuntsu, in ba rufi a saman wurinsu a bishiya zasu kwana. Bata kuma son a riƙe ta. In zanen gashin ne ya tafi da hankalinka ka nemi Wyandotte mai irin wannan zanen, 'yar Amurka ce da aka amince da ita a 1883, jikinta da ƙwari, ƙwai wajen 200, akwai babba akwai ƙarama, abun da zaka kula kawai tana da ɗan son mulki a cikin garke. In kuma ƙanƙantar kake so saboda wurinka kaɗan ne, Serama ta Malesiya tafi Sebright ƙanƙanta, da yawa basa kai rabin kilo, tana sabo da mutum sosai, zafi baya damunta amma sanyi yana kayar da ita.

Ayam Cemani ta tsibirin Jaba a Indonesiya, baƙa ƙirin har zanko da baki da nama, zan taɓa ta ne kawai saboda yawan cutar da ake yi da sunanta. Ƙwanta ba baƙi bane, ruwan madara ne, duk wanda ya nuna maka hoton baƙin ƙwai yace nata ne to ka san da wa kake ciniki. Tana da tsada, tana da tsoro, ƙwai kaɗan, kuma ko iyaye masu kyau suna fitar da 'ya'ya masu jan zanko ko farin gashi jefi-jefi. A matsayin abokiyar zama a bayan gida akwai waɗanda suka fi ta nesa ba kusa ba.

Wani kuskure da ake yawan yi shine a sayo ɗaya-ɗaya daga kowane jinsi a zuba wuri ɗaya dan wurin yayi kyau a ido. Kaji suna da manya da ƙanana a tsakaninsu kuma da baki suke raba wannan matsayin. Zakaran Brahma in ya hau Silkie ko Sebright zai iya ji mata ciwo mai tsanani, Wyandotte zata tsige kan Polish, ƙananan kuma a hana su kusantar abinci. Masu sanyi da masu sanyi ake haɗawa, Silkie da Polish da Pekin a gefe guda, Brahma da Orpington da Cochin a wani gefen. Kar kuma ka ajiye ɗaya tak, kaɗaici yana damun kaza, uku shine mafi ƙaranci mai kyau. Wajen fili, babbar kaza tana son wajen mita ɗaya faɗi da tsawo a wurin yini, a ɗakin kwana kuma kusan rabin haka, Brahma a ƙara mata, ƙananan kuma rabin wannan ya ishe su. Cunkoso shi yake kawo tsigar gashi da yawancin faɗan da ake ɗora wa jinsi.

Abinci kusan ɗaya ne ga duka, tsaki na farawa da mai furotin 18 zuwa 20 cikin ɗari, masu ƙwai wajen 16 cikin ɗari, a ajiye musu dakakken ɓawon kawa a kwano daban dan ƙarfin ɓawon ƙwai, da wurin busasshiyar ƙasa da zasu yi birgima dan ita ce wankansu kuma ita take rage musu ƙwari. Masu ƙaramin baki irin Serama da Sebright a basu mai ƙananan ƙwayoyi. Tunda kajin nan ana ɗaukarsu ana shafawa, a saba wa yara da wanke hannu da sabulu bayan sun taɓa su, kuma banda sumbata, kaza mai lafiya ma tana iya ɗauke da ƙwayar cutar salmonela mai sa mutum ciwon ciki da gudawa.

Wajen saye kuma hanya uku ce, ƙwai ko tsaki ko waɗanda suka tasa. Ƙwai yafi araha amma cinikin biri a sama ne, in yayi doguwar tafiya ana jijjiga shi da yawa basa ƙyanƙyashewa, kuma abun da ya fito kusan rabi zakaru ne. Tsaki sun fi sabo da hannu tunda kai ka raine su, sai dai suna son ɗumi na makonnin farko da rigakafi a kan lokaci, na cututtukan Marek da Newcastle da Gumboro, likitan dabbobi na kusa da kai shi zai tsara maka jadawalin da ya dace da yankinku. Ga sabon shiga nafi son ya sayi 'yan wata 4 zuwa 5, ya je da kansa ya ga iyayen, ya ɗaga kazar ya ji nauyinta, ya duba ido da hanci ba ruwa, ya buɗa gashin ƙarƙashin wutsiya da fiffike ya ga ba ƙwari, ya shafa ƙafa ya ji santsi. In ka kawo ta gida kuma kana da wasu kajin, ka ware ta wajen kwana 30 a wuri daban da kwanonta daban kafin ka haɗa, komai kyan da take dashi a ido.

Zakara kuma ba dole bane, kaza tana ƙwanta ko babu shi, ƙyanƙyasa ce kawai take buƙatarsa, kuma ɗaya ya ishi kaji 8 zuwa 10. Wasu garuruwan dokarsu ta hana ajiye zakara a unguwar zama saboda cara, ka bincika tun kafin. Wannan yafi shafar mai sayen tsakin Silkie, dan ita ce mafi wuyar ganewa mace ce ko namiji, sau da yawa sai sun kai wata 4 zuwa 6, wani lokacin ma sai ranar da ɗaya yayi cara ko ɗaya ta saka ƙwai. In ka sayi tsaki shida ka sa a ranka uku zasu iya zama zakaru, ka nemi wanda zai karɓe su ko ka tanadi wurin ware su tun basu fara faɗa da juna ba.